Ƙafafun ESP32 sun ƙare, ga gidan kaji yana ƙaruwa: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na haɗa ESP32, ƙaramin allon kwamfuta, da ke kula da gidan kajinmu, yana kunna fankoki 2, famfon ruwa da fitilu, yana kuma auna zafi. Yanzu Alhaji ya ƙara ɗakuna biyu, ɗaya yana da nisan kusan mita 60 daga inda akwatin yake, ni kuma ƙafafun allon, wato wuraren jona waya, sun ƙare mini. Ina son tsarin da zan riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ba sai na kwance komai ba duk sanda aka faɗaɗa. Wane ayisi (IC, ɗan ƙwayar lantarki da ake dasawa a allo) zan saya domin ƙara ƙafafu? Akwatin kuma, in buga shi da firintar 3D ko in sayi na kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Madalla da ƙoƙari, ƙanena.

Ayisin da kake tambaya shi ne mafi sauƙin al'amari a wannan aiki, kuma zan faɗa maka sunansa. Amma abin da zai sa tsarinka ya ci gaba da karɓar ƙari nan da shekara biyar, ko ya koma tarin wayoyin da kai kanka kake tsoron taɓawa, shi ne mahaɗin da ke tsakanin uwar allo, wato babban allon da ESP32 ke zaune a kai, da katunan, wato ƙananan allunan ƙari, da za ka riƙa jonawa. Waya nawa ce a cikinsa, wacce ke ɗauke da me, wa ke ba kati adireshinsa, me kuma kati zai yi idan uwar ta yi shiru. Ayisi kana iya sauya shi idan an sake buga allon karo na biyu ba wanda ya sani. Mahaɗi kuwa, ran da ka haɗa kati na farko ka ɗaure kanka da shi ke nan.

Ba kai kaɗai ESP32 ya yi wa haka ba. Allon yana zuwa da ƙafafu 30 ko 38, mutum ya ɗauka ya yi arziki, sai an zo rabo a ga ashe da sauran magana. Ta 6 zuwa ta 11 na ma'ajiyar manhajar ne, in ka taɓa su allon ya sume. Ta 34, 35, 36 da 39 karɓa kawai suke yi, ba sa bayarwa, ba su kuma da rizistar jan layi sama a ciki. Ta 1 da ta 3 hanyar ɗora kod ce. Ta 0, 2, 5, 12 da 15 kuma allon yana duba halin da suke ciki a daidai lokacin da yake tashi. Musamman ta 12, idan wani abu ya ja ta sama a wannan lokacin, allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sannan fiye da rabin ƙafafun awo, waɗanda ke rukunin ADC2, ba sa aiki muddin Wi-Fi na kunne. Don haka ɗan abin da ya rage ka tanade shi ga hanyoyin sadarwa da abin da ke buƙatar sauri, kamar mitar ruwa mai ƙirga bugu. Rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, da sauran makunnai duk su koma kan kati.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauko takarda ka jera duk abin da za a jona, har da na ɗakin da Alhaji bai gina ba tukuna amma ka san zai gina. Gaban kowanne ka rubuta shiga ce ko fita, wutar nawa yake ci, nisansa nawa daga akwati, sai kuma abin da kake so ya yi idan na'urar ta mutu ba kowa a wurin. Wannan layi na ƙarshe shi kowa ke tsallakewa, kuma a gidan kaji shi ne mai kashe jari. Famfo, idan ƙwaƙwalwa, wato ESP32, ta tsaya, ya kamata ya tsaya, in ba haka ba ya cika ɗaki da ruwa ko ya ƙone a busasshiyar rijiya. Fanka kuwa akasin haka ce. A watan Afrilu, fanka ta tsaya da azahar a ɗakin da ke cike da kajin da suka kusa sayarwa, ba sai na gaya maka abin da za a tarar da la'asar ba. Saboda haka famfo ka bi da shi ta bakin rilen da ke buɗe idan babu wuta, wanda ake rubuta wa NO, fanka kuma ta bakin da ke rufe, mai NC, yadda na'urar sai ta yi aiki ne kafin ta kashe fanka. In ta mutu, fanka ta ci gaba da juyawa. Ka ƙara makunni mai matsayi uku a ƙofar akwatin ga kowace fanka da famfo: hannu, kashe, na'ura. Yaron da ke kula da kaji ba zai buɗe kwamfuta ba, amma zai iya murɗa makunni.

Daga nan nisa ne ke raba aikin gida biyu. Hanyoyin sadarwa biyu za ka yi aiki da su. Abin da ke cikin akwati ɗaya, I2C. Abin da ya fita waje, RS-485.

I2C kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro shi a 1982 don ayisoyin da ke zaune kusa da juna su yi magana da waya biyu, SDA da SCL. Ƙa'idarsa ta ce nauyin da layin zai ɗauka kada ya wuce 400 pF. Wayar intanet irin Cat5 tana da kusan 50 pF a kowace mita, ka ga mita 60 ɗinka sun kai wajen 3000 pF, ninki bakwai da wani abu. Na san za ka ga wanda ya ce shi ya ja ta mita 20 kuma tana aiki. Tana aiki a kan tebur, ran da babu famfon da ke tashi.

To, ga sunan ayisin: MCP23017 na Microchip. Ƙafafu 16 yake ba ka, kowace kana iya mai da ita shiga ko fita, yana da ƙafafun adireshi uku, A0, A1 da A2, wato guda 8 na iya zama a layi ɗaya daga 0x20 zuwa 0x27. Ka ba shi 3.3V irin ta ESP32. Idan ka ba shi 5V, yana jiran ganin kusan 4V kafin ya yarda layi ya hau sama, ESP32 kuwa ba ya kai wa nan, sai ka samu abin da ke aiki yau ya ƙi gobe. Akwai wani abu da tsofaffin zane-zanen da ke yawo ba su sani ba: a 2022 Microchip ya gyara takardar bayanan ayisin, ya ce GPA7 da GPB7 a riƙa amfani da su wajen fita kawai. Wato a katin shiga 14 kake da su tabbatattu. Ni waɗannan biyun fitilar nuna lafiyar kati nake ɗora musu. PCF8574 ya fi arha kuma ya fi samuwa, sai dai turawarsa sama ba ta wuce kusan 0.1 mA, kuma duk ƙafafunsa a sama suke farkawa idan an kawo wuta. Shi kuma 74HC595 ba laifi ga fitilu, amma ba ya mayar maka da amsa. Ko yana nan ko ya faɗi, uwar ba za ta sani ba.

Yanzu mahaɗin. Ga yadda nake yin nawa, da soket mai ƙafa 16, jeri biyu, irin mai tsaga a gefe wanda ba ya shiga a juye: ƙafa 2 na 24V, 3 na GND, wato layin sifili da wuta ke komawa ta shi, 1 ta 3.3V, SDA, SCL, 1 ta kiran gaggawa wato INT, 1 ta RESET mai mayar da ayisi farko, sai A0, A1, A2. Sha uku ke nan. Sauran ukun ka bar su fanko, kada ka ba su aiki komai ƙaiƙayin hannunka. Wata rana za ka gode wa Allah da ka bar su. Uwar allo tana da soket ga kowane gurbi, kowane kati da gajeriyar wayarsa mai faɗi, kada ta wuce tsawon taƙi guda, layin kuma ka bar shi a 100 kHz, ba inda kake sauri.

Dabarar tana cikin A0 zuwa A2. Kada ka sa makunnin zaɓen adireshi a jikin kati. A kan uwar allo za ka ɗaure waɗannan ƙafafu uku, kowane gurbi da nasa haɗin, gurbi na 0 duk a ƙasa, na 1 A0 a sama, haka har ƙarshe. Sai ya zama gurbi ne ke ba kati suna. Duk katunan fita iri ɗaya ne, in ɗaya ya ƙone a zare a sa wani, ba mai kiran ka a waya yana tambayar wane makunni zai ɗaga. Ka kuma ɗora wa kowane kati ƙaramin ayisin ajiya 24C02, ka jona ƙafafun adireshinsa da waɗannan wayoyi uku. Nasa adireshin daga 0x50 zuwa 0x57 ne, don haka katin da ke gurbi na 3 zai amsa a 0x23 da 0x53. A ciki ka rubuta irin katin da lambar bugunsa. Da na'urar ta tashi sai ta zaga gurabe tana tambaya, idan ta tarar da katin shiga inda ake jiran katin fita ta ƙi taɓa shi, ta kunna jar fitila. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Raspberry Pi ya sa irin wannan ajiya a ƙa'idar allunan ƙarin da ake ɗora masa, waɗanda ake kira HAT, tun 2014.

Gurbi na 7 ka ɗauke shi a matsayin wanda ba naka ba. Ƙaramin allon da ake maƙala wa bayan LCD galibi a 0x27 yake zama, allon agogo mai DS3231 da ya cika kasuwa kuma yana ɗauke da ajiyarsa a 0x57. Dukkansu biyun kan gurbi na 7 suke faɗawa, kuma gidan kaji yana buƙatar agogo saboda fitilu. Gurabe bakwai sun ishe ka. Sun fi ƙafa 100.

Rizistar jan SDA da SCL sama, a kan uwa kaɗai za ta zauna, 4.7k ko 3.3k. Allunan kasuwa kowanne da tasa yake zuwa, in ka jera huɗu masu 4.7k sun koma kusan 1.2k, ka kusa iyakar 3 mA da ƙa'idar ta yarda ayisi ya ja. Ka cire su da kan dalma. INT kuma ka saita ta a kowane MCP23017 ta zama mai ja ƙasa kawai, don duk katunan su iya tarayya a waya ɗaya.

RESET tana da labari. Na taɓa cin kwana uku a wani aiki ina neman abin da ke kashe mini rile duka a lokaci ɗaya, sau biyu ko uku a yini, alhali allon nuni na cewa komai lafiya. Na sauya wutar, na sauya kod, har na fara zargin mai gadi. Ashe duk sanda babbar kontakta, wato ƙaton rilen da ke ɗaukar wutar injin, ta saki, tartsatsinta na girgiza ayisin ya koma yadda ya fito daga kamfani, ƙafafunsa duk su zama na shiga, uwar kuma tana ta aika umarni ga wanda ya manta aikinsa. Na bar RESET tana lilo ba a ɗaure ba, laifina ne. Tun daga ranar nake jona ta da ƙafar ESP32, da rizista 10k mai jan ta ƙasa, yadda katunan za su kasance a kwance har sai uwar ta gama tashi ta tashe su. Kowane ayisi da kafasita 100 nF manne da ƙafafun wutarsa. A kod kuma duk daƙiƙa guda ina karanta saitin kowane kati, in ya saɓa da abin da na rubuta in sake rubutawa, in kuma ƙirga sau nawa hakan ta faru. Wannan ƙidayar ita ke gaya maka lafiyar akwatinka kafin ya ba ka kunya.

Wutar rile kada ta fito daga allon ESP32. Shuɗin rilen nan na 5V yana cin kusan 70 mA, takwas sun haura rabin amfiya. Irinsa na 12V kusan 30 mA yake ci, na 24V kusan 15 mA. Shi ya sa masana'antu suka tsaya a 24V, ni ma ita nake ba ka shawara, sai dai in gidan a kan batirin sola mai 12V yake, to ka bi 12V a ko'ina. Wajen sauko da ita zuwa 5V kada ka yi amfani da 7805: daga 24V, a rabin amfiya, wat 9.5 zai zubar a matsayin zafi cikin rufaffen akwati. Ka sa mai sauke wuta irin LM2596. Kowane kati da nasa ƙaramin fis, don wanda ya yi shot kada ya tafi da 'yan uwansa.

A katin fita, ƙafar MCP23017 ba za ta ja rile kai tsaye ba. Tsakaninsu ULN2803A zai shiga, hanyoyi takwas gare shi, da dayod ɗin kariya a ciki, amma sai ka jona ƙafarsa ta COM da wutar rilen kafin dayod ɗin su yi aiki; mantuwa da wannan ta ci ayisoyi da yawa. Rubutun 10A da ke jikin rile kuma na kaya irin hita ne. Injin lantarki irin na famfo yana jan ninki 5 zuwa 7 na wutarsa yayin tashi, bakin ƙaramin rile ba ya daɗewa a haka, wata rana ya narke ya manne, famfo ya ƙi tsayawa. Rile ya kunna kontakta, kontakta ta kunna famfo. A kan naɗin kontaktar ka gicciya rizista 100 ohm da kafasita 100 nF ta wutar gida, mai alamar X2, su shanye tartsatsin.

A nan ina da ra'ayi, kana iya saɓa mini. A bugunka na farko kada 230V ta taka allon da ka zana. Katinka ya tsaya a fitar da 24V zuwa rile masu soket da ake maƙalawa a kan dogo, wato sandar ƙarfen da birekoki ke hawa, waɗanda in ɗaya ya lalace ake zare shi kamar fis. In ka nace sai ka ɗora su a allo, ka bar tazarar milimita 6 zuwa 8 tsakanin layin 230V da na ƙaramar wuta, ka sa a yanke tsaga a tsakani, domin ƙura in ta sha raɓa hanya ce.

Katin shiga ya fi sauƙi. Fulot ɗin tanki mai nuna cikar ruwa, makunnin ƙofa, alamar cewa wuta ta dawo, duk su shigo da 24V ta ofto PC817, ɗan ayisin da ke miƙa sigina ta haske, da rizista 4.7k, wadda za ta ba da kusan 5 mA. Wannan wutar tana ratsa dattin da ke bakin makunni, abin da rizistar 100k ta cikin ayisin ba za ta iya ba. Ka jera LED da kowace hanya, mai gyara ya gani da idonsa ba sai da mita ba. Ka dai sani ofto ba ya raba komai idan ɓangarorinsa biyu GND ɗaya suke sha, kuma allunan kasuwa da yawa haka suke. Fulot yana rawa idan ruwa na zuba, don haka a kod ka jira daƙiƙa 5 ko 10 kafin ka yarda da shi. Na awo kuma ADS1115 ne, hanyoyi huɗu, sai dai adireshinsa huɗu ne kacal, 0x48 zuwa 0x4B, ba ya bin tsarin wayoyin nan uku, shi kam da ɗigon dalma za ka zaɓa masa a jikin kati. Sansar da ke nesa ka nemi mai 4 zuwa 20 mA: da rizista 150 ohm za ka karanta 0.6V zuwa 3V, in ka ga sifili ka san waya ce ta tsinke.

Ɗakin mita 60 ya samu nasa ƙaramin akwati, da irin uwar allon nan da irin katunan nan, da tasa ƙwaƙwalwar. Nan ne za ka ci ribar tsarin. Akwatunan biyu su yi magana ta RS-485, wanda ke kai wa mita 1200 idan ba a matsa masa da sauri ba. Gudun bit 9600 a daƙiƙa ya ishe ka. Yaren kuma kada ka ƙirƙiro naka. Modbus yana nan tun 1979 da Modicon ya fito da shi, adireshi 1 zuwa 247, kuma mitocin wuta, inbatoci da allunan rile na kasuwa da yawa suna jin sa, gobe sai ka sayo ka jona kawai. Ayisin da zai haɗa ESP32 da RS-485 kuwa, ka sayi MAX3485 mai 3.3V, domin MAX485 da aka fi sani na 5V ne, zai turo wa ƙafar ESP32 abin da ya fi ƙarfinta. A da B su bi tagwayen waya guda da aka murɗe tare, waya ta uku ta ɗauki GND, layin ya tafi daga akwati zuwa akwati kamar jerin gwano, ban da rassa, rizista 120 ohm a ƙarshe da ƙarshe kawai. Tunda wayar za ta ratsa fili kuma damina na tafe da tsawa, ka sa mata dayod ɗin kariya SM712 a bakin kowane akwati, in da hali ka ɗauki ayisi mai raba ɓangarorin biyu irin ADM2587E. Bututunta daban da na 230V. Ka kankare bakin wayar kafin ka biya, in ka ga fari a ciki aluminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Akwatin nesa kuma, idan ya yi daƙiƙa 10 bai ji uwa ba, ya koma kan abin da ka rubuta a layin ƙarshe na takardarka. Wi-Fi tsakanin ɗakuna masu rufin kwano ba zan ɗora masa ran kaji ba. Ya kai maka rahoto waya dai, ba laifi.

Gaskiya guda da ya kamata in faɗa: in gida ɗaya ne tak kuma ba koyo ko sayarwa kake nufi ba, sayen na kamfani na iya fi maka. Siemens LOGO! 8, ƙaramar na'urar sarrafa injuna, yana faɗaɗa har shiga 24 da fita 20, WAGO da Beckhoff kuma tun 1995 suke sayar da irin waɗannan yanka-yankan da ake jerawa a dogo. Ko ba ka saya ba, ka samu ɗaya ka juya shi a hannu, ka ga inda suka sa fitilu da lakabi.

Sai akwati. Kuskuren da na fi gani shi ne a gama zana allo, a buga, sannan a shiga kasuwa neman gidan da zai shiga. Gida ake fara saya, a auna, a zana allo a kansa. Gidaje biyu kake buƙata: ƙaramar rigar kowane kati, da babban akwatin da ya haɗa su. Katunan su hau dogon DIN mai faɗin milimita 35, wanda birekoki ke hawa, faɗin kowanne ya zama ninkin kusan milimita 18 kamar na bireka. Da haka fawa safulai, kontakta, rile da katunanka duk layi ɗaya za su jeru. Ka bar kashi ɗaya cikin uku na dogon fanko.

Firintar 3D tana da wurinta, amma a ciki. PLA yana fara laushi a kusan digiri 60, PETG a kusan 80, ABS a kusan 105, ASA kuma shi ke jure rana. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, iskar bazara kanta tana haura 40, akwatin da rana ke duka kuwa ba abin mamaki ba ne cikinsa ya kai inda PLA zai saki dogo, kati ya rataya a jikin wayoyinsa. Ka buga rigar kati da maƙalinsa da PETG ko ABS, bango milimita 2, ka bar 0.2 zuwa 0.3 na milimita inda abu biyu za su shiga juna, ka dasa mazaunin sukuru na tagulla mai M3 da kan dalma maimakon ɗaure sukuru cikin roba. Maƙalin dogo ka kwantar da shi a gefensa wajen bugawa, in ba haka ba a kan layin bugu zai tsage ran da ka fara ɓalle shi. Abin da aka buga ba ya riƙe ruwa, kuma yawancin robar bugawa ba ta da shaidar kashe wuta da kanta irin UL 94 V-0, saboda haka duk abin da ya rufe 230V na kamfani ne. Kafin ka aika allo bugu, fitar da zanen daga KiCad, manhajar zana allo, a takarda daidai girmansa, manna a kwali, yanka, saka cikin rigar. Nan za ka ga sukuddireba ba ta isa taminal ba, ko kafasita ta tokare murfi.

Babban akwatin ka sayi mai IP65. 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, 5 ɗin feshin ruwa. Amma lambar tana aiki ne har zuwa ran da ka huda shi. Kowace waya ta shiga ta ƙasa, ta cikin gilan, wato maƙoshin roba mai matse waya, daidai kaurinta, PG7 ga siririya, PG9 ga wadda ta ɗan fi, kuma ta ɗan sauka ƙasa kafin ta hau, ruwa ya ɗiga a waje. Ramin da ba ka amfani da shi ka toshe. Ƙurar hunturu ɗaya ce daga cikin baƙin. Sauran su ne tururuwa, zanzaro mai gina ɗakin laka a kan taminal, da tsaka, wadda ke son ɗumin fawa safulai har ta kwanta a kan layi biyu. Kada kuma ka kafa shi cikin ɗakin kajin: warin kashinsu amoniya ne, yana cin jan ƙarfe da tagulla. A bangon waje, ƙarƙashin inuwa, fenti mai haske. Rufaffen akwati ba ya fitar da zafi sai ta jikinsa, kuma kafasita mai ruwa tana rasa rabin rayuwarta a duk ƙarin digiri 10, don haka gara ya yi maka girma da ya matse. In na ƙarfe ne, ka jona jikinsa da ƙofarsa da wayar at mai kai wuta ƙasa, ka kuma san zai toshe Wi-Fi, sai ka sayi ESP32 mai soket ɗin eriya ta waje irin WROOM-32U.

A ciki, 230V gefe guda, ƙaramar wuta ɗaya gefen. Taminal ɗin katunan su zama masu zarewa, na milimita 5.08, a cire kati ba tare da kwance waya ko ɗaya ba, kuma na shiga ya bambanta da na fita a yawan ƙafa, don kada a musanya su da dare a hasken tocila. Kada ka shafa wa bakin waya dalma kafin ka ɗaure ta da sukuru. Dalma tana lotsawa a hankali, bayan watanni wayar ta yi sako-sako ta fara zafi. Ferul, ɗan bututun ƙarfe, ake matsa mata. Kowace waya da lamba a bakinta biyu, zanen haɗin kuma a leda, manne a bayan ƙofa. A kod ma haka: tebur guda da ke cewa fankar ɗaki na 2 tana akwati na 2, gurbi na 1, ƙafa ta 4, sauran kod ɗin duk da suna zai riƙa kiranta.

Ka fara da uwa ɗaya, katin shiga ɗaya, katin fita ɗaya. Kamfanonin buga allo irin JLCPCB guda biyar suke fara bugawa, kuma bugun farko da wuya ya fito babu kuskure, don haka kada ka yi odar hamsin. In sun iso, ka jona ainihin kontaktar da za ka yi aiki da ita, ka sa ta kama ta saki sau 500 kana duban ƙidayar nan ta sake saiti. Sifili kake nema. Ka rufe akwatin ka ajiye shi a rana daga hantsi zuwa la'asar da sansar zafi a ciki. Sannan, yana tsakiyar aiki, ka zare wayar RS-485, ka zare kati, ka kashe masa wuta ka mayar sau goma a jere kamar yadda ake yi ran da ake sauyawa zuwa janareta, kowane karo ka duba fanka tana juyawa, famfo yana tsaye. Idan ya tsallake waɗannan, ka turo mini hoton cikin akwatin da jerin ƙafafun mahaɗinka kafin ka buga na ɗakin nesa, in duba maka tazarar layukan.